Shekarar da Na Duba wa Baba Surayya

Shekarar da yanar ido ta rufe wa Baba gani, ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar 'yan mata a Karaye. Maigidana malamin gona ne, aiki ya kai shi Rogo. Ran Juma'a da yamma sai in kwashi yaranmu biyu mu shiga mota mu same shi, ran Lahadi mu juyo. Baba kuwa yana ƙauyenmu ta wajen Yammedi, shi da ƙanena da iyalinsa, tun bayan rasuwar mahaifiyarmu. Gida uku ke nan, kuma duk wanda na kwana a ciki hankalina yana kan sauran biyun. Jakar tafiyata ko zazzage ta ba na yi, sai dai in cire zane mai datti in sa wankakke.

Baba shi ne limamin masallacin unguwarmu, amma abin da ya fi kawo mutane zaurensa lissafin taurari ne. Yana da wata takarda da ya gada wurin mahaifinsa, tsufa ya mai da ita ja, tana ninke cikin gafaka. Taurari ashirin da takwas aka jera a ciki, kowanne da ranar da yake fara fitowa ta gabas kafin rana ta hudo. Wadda manoma suka fi damuwa da ita a cikinsu ita ce Surayya, curin ƙananan taurarin nan da muke kira kaza da 'ya'yanta tun muna yara. Da bazara takan ɓace, a yi makonni ba a ganinta, sannan wata asuba ta leƙo. In ruwan fari ya sauka akan shuka gero, wannan ba sai an tambayi kowa ba. Amma irin gyaɗa ba a wasa da shi, ba mai fitar da nasa sai Baba ya ce ya ga Surayya. Bai taɓa yarda a ce tauraro ne ke kawo ruwa ba. In wani ya yi suɓutar baki ya faɗi haka, yakan tsawata masa nan take, ya ce ruwa na Allah ne, tauraro kuwa alama ce kawai ta inda shekara ta kai.

Ana cikin zafin bazara na je duba shi wata Asabar. Bayan mun gama gaisawa, ya tambayi yara da maigida da makaranta ɗaya bayan ɗaya, sai ya juyo da fuskarsa inda yake jin muryata. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, ƙaninki ya ce akwai sama a cikin na'urar nan taki."

Na ce akwai, amma hotonta ne kawai.

"To bana ke za ki duba mini Surayya. Ni yanzu ko wata ma sai ya cika nake gane inda yake."

Bai buƙaci buɗe takardar ba, da ka ya karanto mini ranar. Na rubuta a bayan wata takardar jarrabawa da na tarar a jakata. Ya tuna mini cewa lissafin ajami ne, wanda ke bin bayan kalandar gwamnati da kwana goma sha uku, kada in manta in ƙara. Na ce ba zan manta ba. A raina ina ganin aikin minti biyar ne.

Abin da yake nufi wata manhaja ce da aka sa mana a kwamfuta lokacin wata bita da muka je Kano. Sai ka ba ta sunan gari da rana da ƙarfe nawa, ita kuma ta zana maka sama kamar yadda wanda ke tsaye a wurin zai gan ta. Ni dai iyakacina da ita in nuna wa 'yan mata yadda wata ke cika yana raguwa. Ran Litinin da na samu sarari tsakanin darasi biyu, na zauna a ɗakin malamai na sa ranar Baba, na ƙara kwana goma sha uku, na kai agogo bayan sallar asuba, na juya gabas.

Surayya tana nan, amma ƙasa-ƙasa ƙwarai, daf da inda sama ta haɗu da ƙasa, kuma kafin ta ɗan ɗago gari ya riga ya yi fari. Ba idon da zai gan ta a wannan hasken, ko na saurayi. Na ƙara kwana ɗaya, na ƙara wani. Sai da na ƙara mako guda har da ɗoriya kafin ta tsaya a inda mutum zai iya hango ta da sauran duhu.

Na ɗauka ni na yi kuskure. Na goge Karaye na sake rubutawa. Na duba agogon kwamfutar ko ya gudu. Na ƙirga kwanakin da yatsu, na sake ƙirgawa a kalandar da ke rataye a bango, har na kai wa malamin lissafi ya ƙirga mini ba tare da na gaya masa dalili ba. Duk abu ɗaya. Aka buga ƙararrawa na shiga aji, amma ban san me na koyar ba a ranar.

Washegari garin latse-latse na taɓa tauraron da kansa, sai wasu lambobi suka fito a gefe. Lambobin mazauninsa ne a sama, irin waɗanda muke nuna mazaunin gari da su a taswira. Abin da ya tsayar da ni, layi biyu ne. Ɗaya an rubuta na shekara ta dubu biyu ne, ɗayan kuma na ranar da ake ciki, kuma ba su zo daidai ba. Bambancin ɗan kaɗan ne, amma yana nan. Na taɓa wani tauraro, haka. Na taɓa goma, duk haka. Ni da na shekara fiye da goma ina tsayawa gaban allo ina gaya wa 'ya'yan mutane cewa taurari suna nan inda suke, mu ne ke juyawa. Yaya za a yi gari ya zama yana da adireshi biyu, na da da na yanzu, alhali bai tashi ba?

Da Juma'a ta zo na ɗauki kwamfutar zuwa Rogo. Maigidana ya saurare ni yana cin tuwo. Ya ce shi dai abin da yake gaya wa manoma, su tona ƙasa su ga ko laima ta yi zurfi, tauraro ya fito ko kada ya fito. Da ya ga ban saki fuska ba, sai ya ce in je wurin maƙwabcinmu Alhaji, wani dattijo da ya yi aikin safiyo har ya yi ritaya, wanda ya ce a zamaninsu har da taurari suke awon ƙasa.

Na same shi da hantsi a tsakar gidansa yana ba tantabaru dawa, Hajiyarsa na tsince shinkafa a gefe. Muka gaisa, na nuna masa layin nan biyu. Ya gyara tabarau ya duba, ya ce ba abin da ya lalace a na'urata. Ya tambaye ni ko na taɓa kallon yara suna murza katantanwa. Na ce har ni ma na murza. Ya ciro murfin biro daga aljihu, ya karɓi faranti wurin Hajiya, ya murza shi a kai. Ya ce in bar kallon gudun juyawar, in kalli kansa. Kan murfin yana layi a hankali, yana zana nasa da'irar daban.

"Haka duniya take, Malama. Juyin kullum kowa ya san shi. Amma kanta ma yana kewayawa, sai dai kafin ya zagayo sau ɗaya ana cin wajen shekara dubu ashirin da shida."

Ya ce layukan da ake auna sama da su a jikin tsayuwar duniya aka ɗaure su, don haka in ta karkata su ma sai su bi ta, lambar kowane tauraro ta sauya. Shi ya sa mai awo ba ya rubuta lambar tauraro sai ya rubuta shekarar da aka ɗauke ta. Damina da rani ma tsayuwar duniya suke bi, ba taurari ba. Saboda haka tauraron da ke fitowa a bakin damina yana zamewa baya sannu a hankali, kusan kwana ɗaya a duk shekara saba'in. Lissafin ajami yana haɗiye wani abu daga ciki don shekararsa ta ɗan fi tsawo, amma ba ya haɗiye duka.

Sai a lokacin na tuna mun taɓa haddace wannan abu a kwaleji, layi biyu, muka rubuta a jarrabawa muka zubar.

Alhaji ya ce in riƙe ranar Baba, in riƙa mayar da shekaru baya. Na fara cire ɗari-ɗari. Kowace ɗari na cire, sai Surayya ta ɗan ɗago. Na wuce zamanin kakana ba wani bambanci na a zo a gani. Na wuce na kakan kakansa. Sai da na kai wajen shekara dubu baya, sannan ga ta tsaye sarai a gabas, a daidai ranar da takarda ta faɗa, gari bai waye ba.

Na daɗe ina kallonta. Ashe takardar da na tashi ina ganin ana wanke hannu kafin a taɓa, saman da take bayani ba wanda ya taɓa ganin ta a zuriyarmu. Kakana ya kwafa wurin malaminsa, shi ma ya kwafa wurin wani, har a kai ga wani bawan Allah da ya tsaya wata asuba a wata ƙasa da ba mu sani ba, ya ga abin da ya gani ya rubuta gaskiya. Bayansa kowa ya kwafi ranar, ba wanda ya kwafi shekarar.

Ban je ƙauye a makon ba, ban je a na bayansa ba. Kullum sai in samo dalili: gwajin wata, ciwon kunnen ƙaramar 'yata, ba mota. Gaskiyar ita ce ban san yadda zan buɗe baki in gaya wa makahon tsoho cewa abin da uba ya bar masa ya tsufa ba. In na kwanta sai in shirya maganar, in tashi in rushe ta. Har na yi tunanin in ba shi ranar da manhaja ta nuna kawai, in ce hazo ne zai jinkirta ganin, in yi shiru da sauran.

Sai aka yi ruwa mai ƙarfi. Ƙanena ya kira ni a waya ya ce, Yaya, an shuka gero, mutane sun fara zarya a zaure, Baba kuma duk wanda ya zo sai ya ce a jira uwarsa. Asabar ɗin ban je Rogo ba, na bar yara wurin maƙwabciyata na hau babur ɗin haya zuwa gida.

Bayan azahar na same shi shi kaɗai a zaure. Na zauna a bakin tabarma na fara kewaye-kewaye, ina maganar na'ura da yadda wani lokaci takan yi kuskure. Ya bar ni na gaji, sannan ya tambaye ni kwana nawa ta makara. Na ce mako guda da 'yan kwanaki.

Sai ya yi murmushi. Ya ce ai wannan tun yana yaro ya sani. Ran da mahaifinsa ya fara fita da shi kallon Surayya ya gaya masa cewa takarda tana faɗin ranar da za a fara tashi ne, ido ke faɗin ranar da ta fito, kuma bai taɓa ganin sun haɗu ba. Su dai sun ɗora abin a kan hazo da itatuwan gabas. Da na ba shi labarin katantanwa da shekara dubu, har ya sa na maimaita, yana kaɗa kai yana tasbihi. Ya ce ashe marubucin farko bai yi ƙarya ba, su ma idonsu bai yi ƙarya ba.

Da na ji haka, sai bakina ya buɗe. Na shiga zuba masa duk abin da na gani, kamar ɗaliba mai neman yabo. Na ce ba ranar kaɗai ke tafiya ba, har wurin da take ɓullowa ma yana matsawa arewa kaɗan-kaɗan.

Carbin da ke hannunsa ya tsaya.

"Wurin fitowarta ma?"

Na ce e.

Sannan ya ce masallacin nan da ita aka ɗora shi. Lokacin da mahaifinsa zai gina shi, malaminsa ya gaya masa cewa daga ƙasarmu Surayya ta saitin Makka take fitowa. Sai ya tashi magina da asuba, suka jira ta ɓullo, suka kafa turaku biyu suka ja igiya. A kan wannan igiya aka ɗora bangon gaba. Shi kuma ya fi shekara arba'in yana jan mutane salla a wurin.

"Uwata, alƙibla ita ma tafiya take yi?"

Da a aji wata yarinya ta yi mini tambayar nan, ina jin da na amsa. Amma a gabansa kaina ya ɗaure. Na ga murfin biro yana layi a faranti, na ga duk abin da ke kansa yana layi tare da shi, na rasa me ke tsaye me ke tafiya. Na ce ban sani ba, Baba, amma zan tambaya. Ƙanena da ya shigo daga baya ya ciro wayarsa ya buɗe abin nuna alƙibla, kibiyar ta nuna nan, ya ɗan motsa ta nuna can. Baba ya ce ya mayar da ita aljihu.

Makon da ya biyo baya ban taɓa yin irinsa ba. In na shimfiɗa darduma a ɗakina na Karaye sai in tsaya ina kallon bango, ina tambayar kaina wa ya gaya mini nan ne gabas ɗin da ake nufi. Na ba 'yan aji uku aikin da na riga na ba su. Na ƙona miya sau biyu. Ran Talata ƙanena ya sake kira, ya ce Baba ya rage cin abinci, kuma kwana uku ke nan yana cewa ƙirjinsa ya kama, na'ibi ke jan salla, shi yana sahun baya. Ya ce ko tari ɗaya bai ji ya yi ba.

Ni na jawo wannan. Mutum ya aike ni duba rana ɗaya, na dawo masa da abin da ya fitar da shi daga gaban sahu.

Ran Laraba ana tashi daga makaranta na wuce tasha. Motar Rogo ta daɗe ba ta cika ba, na sauka na hau, na sauka na hau, har direba ya tambaye ni ko lafiya. Da muka isa ko gidanmu ban shiga ba, na faɗa gidan Alhaji da jakar makaranta a kafaɗa. Na yi zaton zai yi dariya, bai yi ba. Ya ce Makka da ƙauyenmu duk a jikin katantanwa ɗaya suke, in ta karkata tare suke karkata, tsakaninsu ba abin da ke sauyawa. Alƙibla tana nan inda take. Alamar da aka nemo ta da ita ce ke motsi, kuma a shekara ɗari motsin bai taka kara ya karya ba. Sai dai ya ce ko da ma can Surayya kusa da saitin take fitowa, ba a kansa cif ba, kuma shi ba zai iya faɗin yadda bangon yake ba sai ya gani.

"Irin mahaifinki ba a kai masa magana a baki, Malama. Zan je in auna."

Ran Asabar maigidana ya goyo shi a babur, ni na riga su isa. Ya zo da kamfas ɗinsa na aiki cikin wani ɗan akwatin katako, da ƙullin igiya, da wata takarda da ya yi lissafin saitin Makka a kai tun a gida. Ya durƙusa ya gaida Baba, Baba ya riƙe hannunsa da hannu biyu, suka daɗe suna tambayar juna gajiya da iyali da ruwa, kamar ba abin da ya kawo shi. Aka kawo fura suka sha. Sai da rana ta ɗaga, masallaci ba kowa, sannan muka fita.

Alhaji ya sa ƙanena ya miƙa igiya a jikin bangon gaba, ya ja ta har waje can nesa, don ya ce kwanon rufi da ƙofar ƙarfe suna ruɗa allurar kamfas. Ya tsuguna ya duba, ya tashi ya koma ɗaya bakin ya sake dubawa, ya rubuta. Ya yi haka sau uku. Baba yana tsaye a inuwar darbejiya da sandarsa, ni ina bayansa.

Da ya gama ya zo gaban Baba ya ce, Malam, masallaci ya ɗan karkata hagu. Baba ya tambaye shi kamar yaya. Ya ce in mutum ya miƙe hannunsa gaba, kamar faɗin yatsa biyu. Kuma daga cikin wannan, abin da tafiyar tauraro ta ƙara tun daga ginin zuwa yau bai kai rabin yatsa ba, da ma haka aka kafa shi.

Baba ya ba ni sandarsa. Ya miƙe hannun dama, ya ɗaga yatsu biyu a gaban fuskarsa, ya tsaya haka, ko da yake na san ba ya ganin su. Can ya sauke.

"Wanda ke nesa da Ka'aba, fuskantar sashinta aka ɗora masa. Wannan na sani tun ina ƙarami. Girman karkatar ne ban sani ba."

Shi ya ja azahar a ranar. Ina cikin gida tare da matar ƙanena muna jin muryarsa ta kan katanga, na kasa ci gaba da yankan kuɓewar da ke hannuna. Daga baya ƙanena ya ba mu labarin cewa bayan sallama Baba ya juyo ya gaya wa jama'a komai, bai rage ba, har da cewa ƙirjinsa lafiya lau yake. Wani dattijo ya ce to a ɗan gyara sahu mana, a ja layi a ƙasa. Wani ya ce in aka fara haka kowa zai zo da nasa layin. Suka yi ta yi har la'asar ta kusa, a ƙarshe aka bar sahu yadda yake. Wanda ya kawo shawarar bai ji daɗi ba, har yau in ya tsaya salla yakan ɗan juya kafaɗarsa dama, ba mai ce masa komai.

Saura ganin Surayya. Kwanakin da manhaja ta nuna sun faɗo a tsakiyar mako, don haka na riƙa zuwa ƙauye bayan an tashi makaranta, in kwana, in koma da sassafe. Asubar farko hadari ya rufe gabas. Ta biyu ma haka, har da yayyafi. Na koma Karaye jiƙe, na tsaya gaban aji idona kamar an zuba yashi.

A ta uku, da suka fito daga masallaci, Baba ya dafa kafaɗar ƙanena, na bi su muka zagaya bayan gida, bakin gonar da geronta ya fara tsiro. Ƙasa da sanyi, sama ta wanke. Na san inda zan duba, tsakanin wata ɗorawa da kusurwar masallaci, amma na daɗe ban ga komai ba sai launin toka. Ƙanena ya ce shi ma bai gani ba. Baba ya ce kada mu kafa mata ido, mu kalli gefenta kaɗan. Na kawar da idona, sai ga ta, dishi-dishi, kamar an barbaɗa ɗan tsaki a kan baƙin zane. Na juyo da ido sosai ta ɓace, na kawar ta dawo.

Na ce, "Baba, ga ta."

"Nawa kika ƙirga?"

Na ce biyar, ko shida, ban tabbata ba. Ya ce shi lokacin da yake kamar shekaruna, taurari bakwai yake ƙirgawa. Ya sa na gaya masa tsayinta daga ƙasa da ta wane gefen ɗorawar take, yana ji yana gyaɗa kai. Kafin in gama bayani haske ya cinye ta.

Da muka koma zaure ya ce ƙanena ya je ya gaya wa mutane. Ni kuma ya sa na ɗauko sabuwar takarda. Ya ce ta mahaifinsa ba za a taɓa ta ba, ko ɗigo. A sabuwar in rubuta sunan ƙauyenmu, da ranar yau a lissafin ajami da na gwamnati, da shekara ta hijira da ta bature, da cewa mace ce ta gani da idonta bayan kwana biyu na hadari. Na rubuta, na karanta masa, ya sa na gyara kalma ɗaya, sannan ya ninke ta da kansa.

Rana ta riga ta fito lokacin da na samu babur. Hanya duk taɓo, mai babur yana kauce wa kududdufai, ni ina riƙe da jaka a ƙirji ina duba agogo. Kafin mu fita daga gonakin ƙauyenmu na fara ganin mutane a kan kunya, maza da sungumi a gaba, masu ƙoƙon irin gyaɗa a baya suna jefawa suna rufewa da ƙafa. Wata tsohuwa ta ɗaga mini hannu daga nesa, ban gane ta ba, na ɗaga mata. A wani rafi sai da na sauka na taka da ƙafa, takalmina ɗaya ya maƙale na ciro shi da hannu.

Na isa makaranta an riga an shiga darasi na biyu. Shugabar makaranta tana tsaye a baranda, ta kalli ƙafafuna ta kalli fuskata, ta ce in wuce, ma yi magana an jima. Na shiga aji ban shirya komai ba. 'Yan mata suka miƙe suka gaishe ni, na ce su zauna, na tambayi ta gaba inda muka tsaya ran Litinin. Ta ce kogunan Afirka ta Yamma. Na nemi alli na rasa, na aiki ɗaya ta karɓo a aji na kusa.